Farautar ajiya ranar husufin 2027: a ina mutum zai ɓoye roba a Kaduna ba a ce bam ya dasa ba?

Malamin_Taswira (Tudun Wada) ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini haƙuri da tsawon rubutu, malamin makaranta ne ni, ba mu iya taƙaita magana ba.

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Tudun Wada, bana shekara 11 ke nan. Duk shekara sai na zana da'ira 3 a allo, rana da wata da duniya, na ja layin inuwa, yara su kwafa, su rubuta a jarabawa su ci. Amma na san ba su san abin da nake faɗi ba, don ni na gani da idona, su kuwa ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin.

Ranar Laraba ce, 29 ga Maris 2006. Ina Gusau wurin kawuna, na gama sakandare ina jiran sakamako, ina taya shi zaman shago. An yi ta sanarwa a rediyo cewa za a yi husufin rana, mu dai mun ɗauka irin maganar nan ce ta masana. Da hantsi sai hasken gari ya fara sauya launi, ba irin na hadari ba, ba irin na hazo ba, kamar an wanke ranar da ruwan toka. Zafin nan na Maris mai gasa ƙeya ya sauka, har wata iska mai sanyi ta taso. Abin da ya fara ba ni tsoro inuwar darbejiyar ƙofar shagon ce: duk 'yan ɗigon hasken da ke ratso ganye sun koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwansu a ƙasa. Kaji suka nufi akurki. Wajen goma da rabi sai duhu ya rufo gaba ɗaya. Na ɗaga kai na ga baƙin faifai a inda rana take, da wani farin haske kamar gashi ya kewaye shi, ga gamzaki ya fito da rana tsaka. Kabbara ta ko'ina, mata na salati a cikin gidaje, wani ɗan acaɓa ya kunna fitilar babur ɗinsa. Kusan minti 4 aka yi a haka. Wata mata da ta zo sayen gishiri ta tafi ta bar canjinta, sai washegari ta aiko yaro. 'Yan uwana da ke nan Kaduna a ranar sun ce gari ya dusashe sosai amma bai yi duhu ba, saboda hanyar inuwar ta bi ta Gusau da Katsina ne ta shiga Maraɗi, Kaduna tana gefe.

To ga abin da ya kawo ni. Ƙanina yana karatu a Dallas ta jihar Texas a Amurka. Ranar 8 ga Afrilu 2024, 29 ga watan azumi, mun sha ruwa ina shirin fita asham sai ga kiransa na bidiyo. Su can rana tsaka ce, yana cikin wani fili da mutane sun shimfiɗa tabarmi da kujeru suna jiran husufi. Ya ce ba masana taurari ne suka tara su ba, 'yan wani wasa ne da suke kira geocaching. Ni dai na raɗa masa farautar ajiya, kuma da wannan sunan zan ci gaba.

Yadda wasan yake: mutum ya sami 'yar roba mai murfi, ya sa ƙaramin littafi da fensir da 'yan tarkace marasa tsada, ya ɓoye a wani wuri, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, wato fasahar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam da ke cikin waya, ya sa a shafin intanet. Wani ya bi lambobin da wayarsa, ya lalubo, ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin, in ya ɗauki wani abu ya ajiye makamancinsa ko wanda ya fi shi, ya mayar da robar yadda ya same ta. Ba kuɗi, ba kyauta. An fara shi a watan Mayun 2000, lokacin da wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a dajin jihar Oregon ya sanar da lambobinsa. Yanzu irin waɗannan ajiyoyi sun haura miliyan 3 a duniya. Suna kuma da taro, inda lambobin da aka bayar ba na roba ba ne, na wurin haɗuwa ne da lokaci. Irin wannan taron ƙanina ya je: suka yi farauta da safe, lambar ƙarshe ta kai kowa filin da za a kalli husufin.

Tun ranar abin yake raina. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 akwai husufi babba. Cikakken duhun zai bi ta kudancin Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, ya ratsa Jidda da Makka, ya sauka Yaman da Somaliya. A Luksor ta Masar zai haura minti 6. Mu nan wani yanki na ranar kawai wata zai rufe, da hantsi. Na sani ba irin na Gusau ba ne, amma ya ishi yaro ya gane cewa da'irorin nan na allo ba tatsuniya ba ce. Ina son in haɗa ɗalibaina kamar 30 da duk mai sha'awa, su koyi karanta lambobin wuri ta hanyar farauta, ƙarshenta mu haɗu mu kalli rana.

Na gwada sau biyu don in ga ko abin zai yiwu, duka biyun na sha ƙasa. Na farko, robar man shafawa ce na wanke na sa littafi da biro da 'yan maɓallai, na cusa a kogon wata bishiya a gefen kogi. Kwana 2 na dawo, ko murfin babu. Na biyu ya fi muni. Na zaɓi gindin wata katanga a bayan wani fili, ina durƙushe ina tura robar a tsakanin duwatsu, wayata a hannu ina jiran lambobi su tsaya, sai na ji an ce "kai, me kake binnewa a nan?" Mai gadi ne da gora, kafin in miƙe mutum 6 sun kewaye ni. Ɗaya ya ce bam ne, wata tsohuwa ta ce ba bam ba ne, sammu ne, ga takarda ga rubutu. Da na buɗe robar suka ga littafi babu komai a ciki sai kwanan wata, sai abin ya ƙara rikicewa. Katin shaidar aikina ne ya cece ni, da wani uban ɗalibina da Allah Ya kawo. Ban ga laifinsu ba, duk wanda ya zauna garin nan ya san dalilin da ya sa ake tsoron ajiyar da ba a san mai ita ba.

Tambayoyina: ta yaya za a yi wannan wasa a Kaduna ba tare da an kwana a caji ofis ba? Wane wuri ya dace da taron? Kuma da me yara za su kalli ranar, tunda kuɗin tabaran husufi 30 ba ya aljihun malamin makaranta?

Uwar_Biyu (Barnawa) ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Na yi dariyar sammun nan har yarana suka leƙo. Maganar ɓoyo na bar wa maza, ni tambayarka ta ƙarshe ce ta tsayar da ni, don jinya nake yi kuma na daɗe a ɓangaren ido.

Abin da ka yi a Gusau, ɗaga kai ka kalli baƙin faifan nan da ido tsirara, daidai ne a cikin mintocin da rana ta rufe ruf. A Kaduna 2027 ba za a sami ko daƙiƙa ɗaya irin wannan ba. Daga farko har ƙarshe akwai gefen rana a waje, kuma gefen nan kaɗai ya isa ya ƙona ido. Matsalar ita ce shimfiɗar da ke can bayan ido, wadda hoto ke sauka a kanta, ba ta jin zafi. Yaro zai ƙura ido ya ce Malam ba komai, ya koma gida lafiya lau, sai da yamma ko washegari ya ce yana ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, in ya duba rubutu haruffan tsakiya sun ɓace. Wani yana warwarewa cikin watanni, wani ya zauna da shi. Babu maganin ɗigawa da ke gyara wannan.

Don haka ka gaya musu tun a aji: baƙin tabarau na kwalliya ba ya yi, ko guda nawa aka jera. Baƙar takardar hoton ƙirji ta asibiti ba ta yi. Gilashin da aka shafa wa hayaƙin aci-bal-bal ba ya yi. Kallon rana a cikin kwanon ruwa, wanda iyayenmu suka saba, shi ma hasken da ke dawowa yana da ƙarfi. Tabaran gaske yana ɗauke da lamba ISO 12312-2, amma 'yan jabu ma sun iya buga lamba. Ka sa shi a cikin ɗaki: in kana ganin taga ko fuskar mutum, jefar da shi. Na ƙwarai ba ka ganin komai ta cikinsa sai rana.

Ni a ganina ma kada ka wahalar da kanka da 30. Ka nemi 4 ko 5 masu kyau, su zauna a hannun manya, yara su zo layi ɗaya bayan ɗaya. Sauran lokacin kowa ya juya wa rana baya. Kwali biyu, a huda ɗaya da allura, hasken ya faɗa kan ɗayan, za su ga ranar da gutsurarren gefenta. Ko ka ce kowace yarinya ta aro rariyar dambu ko matsamin taliya na gidansu, a ɗaga a kan farin zani, kowace huda za ta ba da nata jinjirin watan, irin abin da darbejiyarka ta yi. Kai kaɗai ba za ka iya tsare ido 60 ba, ka nemi iyaye mata su zo. In Allah Ya kai mu kuma ba na bakin aiki, ni ma zan zo da tagwayena.

Ɗan_Panteka ya rubuta:

Malam ka ba ni kunya wallahi. Roba mai murfi, wankakkiya, a gefen kogi, kuma kana mamaki? Ai sadaka ka yi wa 'yan bola jari. Yaran nan maganaɗisu suke ja a ƙasa, ƙusa ba ta tsira ba balle roba sabuwa. Oregon daban, Kaduna daban. A can daji ne babu kowa, nan kuwa duk inda ka ga kango akwai mai shi, duk inda ka ga bishiya akwai mai zama a gindinta.

Anti ta yi gaskiya amma ta manta da mu. Walda nake yi shekara 16. Gilashin walda yana da lamba, yawan lambar yawan duhunsa. Wanda ake kallon rana da shi lamba 14 ne, in an matsa 13 ko 12, ƙasa da haka kada a soma. To yawancin wanda muke aiki da shi kullum 10 ne ko 11, wasu ma yaran shago da tabaran kasuwa suke yi, shi ya sa kake ganinsu da jajayen idanu da dare suna kuka kamar an zuba musu yashi. Saboda haka kada wani ya je ya aro na maƙwabcinsa mai walda ya ce an ce yana yi. A duba lambar a jikin gilashin, in babu lamba a bar shi. 14 yana wuyar samu, sai an sa masu kawo kaya daga Legas ko Kano sun nemo. In ka tashi ka yi mini magana da wuri in tambaya maka, in yanka katako in yi masa firam mai mariƙi yadda yaro ba zai yanke hannu ba.

Maganar ajiya kuma, ka daina tunanin abin da za a iya ɗauka. Zan iya yi maka 'yan faranti na ƙarfe kamar tafin hannu, a buga lamba a jiki, a ɗaure da ƙusa a inda mai wurin ya yarda. Yaro ya zo ya karanta lambar, ita za ta kai shi wuri na gaba. Ko da yake in na tuna, ƙarfe ne, su bola jari za su zo da guduma. To a rubuta da fenti a bango kawai. Fenti dai ba ya kilo.

Tsohon_Safiyo (Unguwar Rimi) ya rubuta:

Malam, sannu da ƙoƙari. Jikata ce ta nuna mini wannan rubutu, ita ke buga mini amsar ina faɗa.

Na yi aikin safiyo shekara 33 kafin in yi ritaya. Mun fara da sarƙa da na'urar hange mai ƙafa uku, muna kafa turakun siminti a daji. Abin da ya same ka a gindin katanga ya same ni ba sau ɗaya ba, har da kibiya an taɓa ɗana mini a wani ƙauye don sun ɗauka gonarsu na zo yankewa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, kafin ka kafa ƙafar na'ura ka fara zuwa gaida mai unguwa. Kai ka tsallake wannan. Su ma masu wasan a can, a dokarsu sai da izinin mai wuri, ba a haƙa rami a binne, kuma ba a ajiyewa kusa da barikin soja ko makamancinsa. Garin da ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da sansanin sojan sama da barikoki ta kowace kusurwa, wannan doka kaɗai ta cinye maka rabin taswira.

Dalilin da wasan ya fara a 2000 ma yana da kyau ɗalibanka su sani. Taurarin GPS na sojan Amurka ne, kuma da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura ta iya kauce wa wuri da mita 100. A farkon Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta kashe wannan gurɓatawar, dare ɗaya kuskuren ya dawo 'yan mitoci. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka mutumin naka ya fita da bokitinsa don ya gwada.

Ga abin da za ka koya musu. Kaduna tana wajen digiri 10 da minti 31 arewa, digiri 7 da minti 26 gabas. Minti a nan kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, kuma minti ɗaya na arewa kimanin kilomita 1.85 ne a ƙasa, saboda haka in an rubuta mintin da lambobi uku bayan ɗigo, ƙarin ɗaya a lamba ta ukun bai kai mita 2 ba. Amma wayar hannu ba ta da wannan ƙwarewar. A fili tana iya kai ka cikin mita 5, a ƙarƙashin mangwaro ko tsakanin benaye ta fi haka kaucewa. Waya tana kawo ka unguwar abin ne, ido ke ƙarasawa. Idan za ka ɗauki lambobi ka tsaya cik na minti 2, ka rubuta, ka tafi ka dawo ka sake har sau 3, ka ɗauki tsakiya. GPS ɗin kansa ba ya cin data, a sauke taswira tun a gida.

Shawarata kan ajiya ta saɓa da ta ɗana na Panteka. Fenti a bango yaro zai karanta ya wuce, babu littafin da zai sa hannu, kuma daɗin abin yana cikin buɗe murfin nan. Ka ba mutum ajiyar. Mai shayi, mai gyaran keke, mai gadin makaranta, mai sayar da furanni a bakin titi. Ka je ka gaishe shi, ka yi masa bayani, ka bar robar a ƙarƙashin teburinsa da sunanka da lambar wayarka a jiki. Lambobi su kawo yara wurinsa, su yi sallama, su faɗi kalmar da ka ba su, ya miƙo. Ba mai cewa bam, ba mai cewa sammu, ɓarawo kuma sai ya fara da mai shayi.

Wurin taro, ka duba lambun shaƙatawa na Gamji. Akwai fili, akwai bishiyoyi da za su yi maka aikin darbejiya, ga gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, tasha ce mai kyau ga darasin tarihi. Ka rubuta wa masu kula da wurin takarda tun da wuri. In bai samu ba, filin makarantarku ya wadatar.

Sai dai in faɗa maka abin da ba ka so. 2 ga Agusta tsakiyar damina ce, lokacin marka. Kaduna a Agusta tana iya kwana 3 ba a ga rana ba. Waɗanda za su je Luksor sun zaɓe ta ne don can sama ba ta san girgije ba a wannan wata. Ka shirya taron yadda ko hadari ya rufe, farautar kaɗai ta biya yaran. Wanda za ka ajiye wa zuciya shi ne na Litinin 20 ga Maris 2034. Wannan cikakke ne kuma ta ƙasarmu zai bi, ya shigo ta Legas ya ratsa ya fita zuwa Kamaru da Chadi. Kaduna tana gefe kamar 2006, sai an yi tafiya kudu. Ni ban sa rai ba, amma ku kuna da ƙafa.

Ɗalibin_Ilmi (Rigasa) ya rubuta:

Allah Ya saka wa Baba da alheri, Ya kuma nuna masa 2034 da lafiya.

Malam, ban ga inda ka sa salla a tsarinka ba, kuma na san mantuwa ce. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Sai ya yi musu bayani cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan an ga haka a yi salla a yi addu'a. Yadda muka karanta a Risala, raka'a 2 ce a masallaci, babu kiran salla babu iƙama, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, karatu mai tsawo a asirce. Tunda da hantsi ne, lokacinta ne daidai.

Ba ina cewa a fasa kallo ba. Husufi yakan ɗauki lokaci mai tsawo daga farawa zuwa washewa, ana iya salla a kuma duba. Abin da nake gudu shi ne a mayar da shi biki da kiɗa da ɗaukar hoto kamar yadda nake gani a bidiyon Turawa. Ka zaɓi wuri kusa da masallaci, ka sanar da liman tun da wuri, ɗalibanka Kirista kuma su zauna da wani malami da kwalayensu har a idar. Lissafinku ma yana taimakon liman, ya san ranar ya shirya, ko da yake sallar sai an ga husufin ake yinta. In marka ta rufe kamar yadda Baba ya ce, ba a gan shi ba, malamai da yawa sun ce babu salla.

Malamin_Taswira (Tudun Wada) ya rubuta:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin da ban zo da shi ba. Ustaz, ka kama ni, mantuwa ce. A Gusau ma bayan hasken ya dawo masallacin unguwa muka ɗunguma, kawuna bai ko rufe shagon ba.

Baba, na bi maganarka ranar Asabar ɗin nan da ta wuce. Abu ɗaya ne: dokar shafin nasu ba ta yarda a sa ajiyar da sai an shiga shago ko an yi magana da mai sana'a kafin a same ta ba, suna ganin talla ce. Da farko abin ya dame ni, daga baya na ce to wa ya ce sai na sa a shafinsu? Namu na gida ne, a takarda zan raba lambobin. In ya so taron kansa na iya sa shi a can, tunda sharaɗinsu a tura aƙalla kwana 14 kafin ranar kuma taron ya kai rabin awa, ko Allah zai kawo wani baƙo mai wasan da ke aiki a gari.

Na ɗauki yara 6, waya 2, tasha 3. Na fara gaida mai unguwa, ya yi dariya ya ce shi dai kada a taka masa shuka. Ajiya ta farko wurin mai shayin bakin layinmu, ta biyu wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ta uku na ɗaure ta a reshen mangwaron makaranta da sanin mai gadi. Rukunin 'yan mata ya riga na maza da kusan minti 20, don mazan sun ƙura wa waya ido suna ta zagaye wuri ɗaya, kibiya na juyawa suna juyawa, matan kuwa da waya ta ce saura mita 8 sai suka sa ta a jaka suka fara tambayar mutane. Wata a cikinsu, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ta lura cewa in sun yi arewa lambar farko ce ke ƙaruwa, in sun yi gabas ta biyu. Shekara 11 ina faɗin wannan a allo.

Matsala ɗaya ta fito. Mai shayin ya ji daɗin abin har ya wuce gona da iri: yana hango yara da waya sai ya ɗaga robar sama yana kiransu, tun ba su karanta lamba ba. Na roƙe shi ya riƙa yin kamar bai san komai ba, ya ce shi bai iya ɓoye alheri ba. Mai agogo kuwa sai da ya sa kowannensu ya karanta masa lokaci a agogon hannu mai allura kafin ya miƙa, biyu suka kasa.

Ɗan Panteka, ka tambayo mini kuɗin lamba 14 guda 3, da firam ɗin. Anti, rariya an samu, matata ta ce in dai za ta dawo. Saura wanda ya san hanyar da ake bi a kai takardar neman izini a Gamji, da wanda ke da tsohuwar waya mai GPS da ba ya amfani da ita, ko fuskarta ta tsage ba komai, ina neman kamar 5 kafin hutun ƙarshen zango.